Tambayoyi da Amsoshi Kan Sharhin Katun na Jarumai da Wasannin Bidiyo na Komik

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da ake yawan yi wa masu sharhi a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo na Kumasi. Wasu daga matasan da suke son fara sharhi da Hausa suka fito, wasu daga iyaye, wasu kuma daga masu gidajen gem waɗanda kuɗinsu ne ke tafiya idan aka ba su shawarar da ba ta dace ba.

Me ake nufi da katun na jarumai, kuma daga ina labaransu suka samo asali?

Shirye-shiryen talabijin ne na zane mai motsi waɗanda labarinsu yake tafiya a kan wani mutum mai ƙarfi ko baiwar da ta wuce ta sauran jama'a, wanda ya ɗora wa kansa kare mutane, kuma sau da yawa yana ɓoye fuskarsa da sunansa. Akasarin waɗannan jarumai a kan takarda suka fara, a cikin littattafan labarin zane da ake kira komik. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939, dukansu na kamfanin DC ne. Spider-Man ya fito a 1962, X-Men a 1963, Black Panther a 1966, su kuma na Marvel ne. Disney ya sayi Marvel a 2009, DC kuwa yana ƙarƙashin Warner Bros., kuma wannan rabon shi ne yawanci yake nuna tashar ko manhajar da za a sami kowane shiri a cikinta.

Ba dukansu ne suka bi ta takarda ba. Ben 10, wanda yaran da suka taso da Cartoon Network suka sani tun 2005, don talabijin aka ƙirƙire shi kai tsaye.

Wasan bidiyo na komik fa, dole ne ya zama na jarumi mai tashi sama?

Ba dole ba ne. Duk wasan da aka ɗauko labarinsa ko mutanensa daga komik ya shiga wannan aji. Akwai na yawo a cikin birni kamar Marvel's Spider-Man na 2018, akwai na gwabzawar mutum biyu kamar Injustice na 2013, akwai na iyali kamar Lego Marvel Super Heroes, sannan akwai na zaɓin magana da yanke shawara, irin su The Walking Dead na 2012 da The Wolf Among Us na 2013, waɗanda kamfanin Telltale ya yi kuma babu jarumi mai alkyabba ko ɗaya a cikinsu. Abu na farko da mai sharhi zai faɗa shi ne ajin wasan, domin ba a auna wasan gwabzawa da tsawon labarinsa, haka kuma ba a auna wasan labari da yawan salon naushinsa.

Mene ne sharhi, kuma me ya raba shi da ba da labarin abin da aka kalla?

Ba da labari shi ne ka ce wane ya yi kaza, bos ya sace wance, jarumi ya je ya ƙwato ta. Sharhi kuwa hukunci ne da hujjarsa: ka ce wannan aiki ya yi kyau ko bai yi ba, ka nuna wurin da ya yi kyau da wurin da ya gaza, ka kuma faɗi wanda ya dace da shi. Mutane da yawa suna cinye minti goma suna zayyana labari, sai a ƙarshe su ce abin ya haɗu, alhali mai sauraro bai ƙaru da komai ba in ban da an ɓata masa daɗin kallo.

A wurinmu sharhi amana ne, kuma dalilin a fili yake. Wanda yake sauraronka zai sayi data, ko ya biya kuɗin wata na wata manhaja, ko ya je Adum ya ba da sidin da ya daɗe yana tarawa, duk saboda maganarka. Matsayinka ɗaya ne da wanda aka aika Kejetia ya dubo atamfa: bai isa ya dawo ya ce zanenta yana da kyau ba, sai ya faɗa ko tana zuba, ko za ta jure wanki, ko kuma kuɗinta ya wuce ƙimarta. Saboda haka kowace amsa a ƙasa tana komawa ga abu guda, wato ka faɗi abin da ka gani da idonka, ka taɓa da hannunka, a irin yanayin da mai sauraronka yake ciki.

Sai na karanta komik ɗin asali kafin in yi sharhi?

Karantawa tana ƙara wa mai sharhi ido, amma ba sharaɗi ba ce, muddin ka bayyana tun farko cewa shirin ko wasan kaɗai kake aunawa. Abin da ya fi hatsari shi ne wanda ya karanta ya mayar da bin asali ya zama shi ne ma'auninsa ɗaya tilo. Batman: The Animated Series, wanda ya fara a 1992, ya isa hujja. Harley Quinn, abokiyar ta'asar mugun nan Joker, babu ita a komik kafin wannan shiri, Paul Dini da Bruce Timm ne suka ƙirƙire ta a cikinsa, daga baya komik ya ɗauke ta. Haka kuma Mr. Freeze, wanda a da mugu ne maras nauyi mai bindigar ƙanƙara, a kashin da ake kira "Heart of Ice" aka mayar da shi mijin da ya rasa hanyar ceto matarsa marar lafiya, har mai kallo ya ji tausayinsa yana kuma ƙin abin da yake aikatawa. Wannan kashi ya sami lambar Emmy ta rubutu, kuma da marubutan sun tsaya a kan asali da ba a same shi ba.

Tambayar da ta dace ita ce ko canjin ya ƙara wa labarin ƙarfi, ko kuwa ya zubar da abin da ya sa mutane suka so jarumin tun farko.

Waɗanne abubuwa ake dubawa a katun, bayan labari?

Na farko zane da motsi, kuma abubuwa biyu ne daban. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma katun na talabijin sau da yawa zane 12 ko ƙasa da haka yake amfani da shi, saboda tsimin kuɗi da lokaci. Ka lura da wurin da aka yi tsimin. Idan mutum biyu suna magana baki kaɗai ke motsi, babu laifi, muddin an ajiye ƙoƙarin don wurin faɗa. Idan kuwa a tsakiyar faɗa aka daskarar da hoto ana jan kyamara a kansa, ko aka maimaita gudu ɗaya sau uku, to ka faɗa. Ka kuma duba launi: masu zanen Batman na 1992 a kan baƙar takarda suka riƙa zana bayan fage maimakon fara, shi ya sa birnin Gotham yake da duhun da ake ji tun kafin kowa ya buɗe baki.

Kyan zane yana iya bambanta daga kashi zuwa kashi a shiri ɗaya, domin kamfanonin Amurka sun daɗe suna aika aikin motsa zane zuwa Koriya ta Kudu da Japan da wasu ƙasashe, kuma ba ɗakin aiki ɗaya ne yake yin dukkan kashi-kashin ba. Kamfanin AKOM na Koriya ta Kudu ne ya yi yawancin X-Men na 1992, amma kashi-kashin ƙarshe an kai su wani wuri, kuma bambancin yana bayyana ga duk mai ido.

Sai murya da kiɗa, waɗanda masu sharhinmu suka fi mantawa da su. Marigayi Kevin Conroy, wanda ya rasu a 2022, murya biyu yake yi, ɗaya sassauƙa ta attajiri Bruce Wayne, wato Batman idan ya cire abin rufe fuska, ɗaya mai kauri ta Batman, ta yadda ko ka rufe ido ka san wanda yake magana. Mark Hamill kuma dariyar Joker iri-iri yake yi gwargwadon halin da mugun yake ciki. Ka gwada sauraron wani ɓangare ba tare da kallon allo ba, abin da kunnenka ya kama shi ne aikin masu murya.

Kashi nawa ya kamata in kalla kafin in yanke hukunci?

Ya danganta da ginin shirin. Wanda kowane kashinsa yake da labarinsa cikakke, kamar yawancin Batman na 1992 ko Teen Titans Go!, kashi biyar ko shida daga wurare daban-daban suna nuna halinsa. Wanda labarinsa yake sarƙe daga farko zuwa ƙarshe, kamar Young Justice ko X-Men '97, sai an gama zango guda kafin a ce komai a kan labarin, domin abin da ka ɗauka sakaci ne a kashi na uku yana iya zama shiri ne na kashi na tara. Ko nawa ka kalla, ka ambaci adadin a farkon sharhinka.

Ni uwa ce, na ɗauka duk katun na yara ne. Ba haka ba ne?

Hajiya, ba haka ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da muka fi so iyaye su yi. Zane hanya ce ta ba da labari, ba shaidar shekaru ba. Invincible, wanda ya fara a Prime Video a 2021 daga komik ɗin Robert Kirkman, da launi mai haske yake buɗewa, ga uba jarumi, ga ɗa ɗan makaranta, ga hira a teburin abinci. Uwar da ta leƙa a minti goma na farko za ta koma kicin hankalinta kwance, alhali mintunan ƙarshe na wannan kashi na farko cike suke da jini da kisan da ko babba sai ya kau da kai. Shirin Harley Quinn na 2019 shi ma na manya ne, da zagi da maganganun batsa.

Akwai alamomin da za ki duba. A shirye-shiryen Amurka, TV-Y7 na yara ne daga shekara bakwai, TV-PG yana son babba a kusa, TV-14 na matasa ne, TV-MA kuwa na manya ne kawai. A kan kwalin wasa za ki ga ko dai lambar PEGI ta Turai, wato 3, 7, 12, 16 ko 18, ko harafin ESRB na Amurka, wato E na kowa, E10+ daga shekara goma, T na matasa, ko M na manya. Sunan jarumi ba ya isa ya zama jagora: Lego Marvel Super Heroes yana da PEGI 7, Marvel's Spider-Man yana da 16, Batman: Arkham Knight kuma 18. Waɗannan alamomi da ma'aunin wasu ƙasashe aka yi su, don haka akwai abin da ba sa ƙirgawa wanda mu muke ƙirgawa, kuma an yi bayaninsa a amsar da ta shafi addini da tarbiyya.

A wasan bidiyo, mene ne babban ma'auni?

Abin da hannunka yake ji. Katun kallonsa ake yi, wasa kuwa kai ne kake yinsa, don haka tambayar farko ita ce ko maɓallan da kake dannawa suna sa ka ji kai ne wannan jarumi. Batman: Arkham Asylum, wanda kamfanin Rocksteady na Landan ya fitar a 2009, shi ne misalin da ake komawa gare shi. Mutum takwas sun kewaye ka, kana dukan ɗaya da maɓalli guda, sai wata alama ta haska a kan wanda yake bayanka, ka danna wani maɓallin, Batman ya kama hannunsa ya murɗe ba tare da ya juyo ba, ya ci gaba da na gabansa. Idan kuwa masu bindiga ne a ɗakin, gaba da gaba ba ta yiwuwa, sai ka hau can sama ka laɓe, ka riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kana jin yadda sauran suke firgita suna harbin iska. Babu wanda ya tsaya ya gaya maka cewa Batman mai dabara ne kuma abin tsoro, hannunka ne ya gaya maka.

A wasannin Spider-Man ma'aunin shi ne lilo da zare. Tun wasan Spider-Man 2 na 2004 aka sa zaren ya riƙa kama gini na gaske maimakon ya maƙale a sararin sama, kuma kamfanin Insomniac ya gina na 2018 a kan wannan tunani, har mutum yakan ƙi amfani da hanyar gaggawa, wadda take kai shi inda za shi nan take, don daɗin ratsa birnin. Kishiyar wannan shi ne Superman na na'urar Nintendo 64 da ya fito a 1999, wanda ya shahara da muni saboda ya ɗauki jarumi mafi ƙarfi ya sa shi ratsa zobba a cikin hazo, da sarrafawar da ba ta jin magana.

Bayan wannan sai ka duba kyamara ko tana ɓoye maka abokin gaba, ayyukan gefe ko maimaici ne kawai don a tsawaita wasa, da faɗan manyan bos ko yana buƙatar tunani ko kuwa doguwar wahala ce. Kyan hoto yana zuwa ne bayan waɗannan duka.

Me ya sa ake cewa dole in faɗi na'urar da na yi wasan a kai?

Domin wasa ɗaya yana iya zama lafiya a wata na'ura ya zama azaba a wata. Arkham Knight ya fito a Yunin 2015 yana tafiya daidai a PlayStation 4, amma na kwamfuta ya zo da matsaloli har aka janye shi daga kasuwa na wasu watanni. Wanda ya yaba shi bai faɗi na'urarsa ba ya cuci mai kwamfuta. A nan kuma yawancin gidaje da gidajen gem PlayStation 4 ko ma 3 suke da ita, don haka ka faɗa a fili idan wasa ba ya hawa kansu, kamar Marvel's Spider-Man 2 na 2023, wanda ba a yi shi don PlayStation 4 ba.

Akwai abubuwa uku da mai sharhi a Landan ba zai damu da su ba amma mu dole mu ambata. Na ɗaya, yadda wasan yake ajiye inda aka tsaya, domin duk wanda ya rayu a shekarun dumsor ya san zafin a ɗauke wuta bayan ka kusa kayar da bos, ka dawo ka tarar an mayar da kai baya da nisa. Na biyu, girman abin da za a sauke, domin faifai a hannu ba ya nufin an gama, wani wasan sai ya nemi ƙarin gigabait masu yawa kafin ya daidaita. Na uku, ko yana aiki babu intanet. Suicide Squad: Kill the Justice League ya fito a farkon 2024 yana buƙatar intanet ko da kai kaɗai kake wasa, sai a ƙarshen shekarar aka ƙara masa hanyar yi babu ita.

Ina da gidan gem a Aboabo. Sharhin da ke yabon dogayen wasanni yana da amfani a gare ni?

Alhaji, amfaninsa kaɗan ne, kuma ya kamata masu sharhi su riƙa ware maka naka bayanin. Yaron da ya biya kuɗin rabin awa, ga abokansa a tsaye a bayansa suna jiran layi, ba zai yafe wa wasan da ya cinye masa minti goma a fim ɗin buɗewa da koyar da maɓallai ba, komai kyan labarinsa. Abin da yake yi maka aiki shi ne wasan da mutum biyu za su zauna da hannun gem biyu su fara nan take, su gama zagaye cikin 'yan mintuna, irin su Injustice 2 na 2017 ko jerin Marvel vs. Capcom. Ga ƙananan yara kuma wasannin Lego sun fi dacewa, domin biyu suna yi tare a allo ɗaya kuma faɗuwa ba ta mayar da su farko.

Ka tambayi mai sharhi ko dukkan jaruman a buɗe suke tun farko, ko sai an saya ko an daɗe ana wasa kafin a same su, sannan ka duba lambar shekaru kamar yadda aka yi wa Hajiya bayani a sama, domin yaran unguwa amanar iyayensu ce a hannunka.

Wasannin waya da ake cewa kyauta ne, yaya ake sharhinsu?

Da haƙuri, domin halinsu na gaskiya ba ya fitowa a ranar farko. Marvel Contest of Champions, wanda ya fito a ƙarshen 2014, da ire-irensa suna sakar maka kyauta da farko, sai tafiya ta yi nisa ka tarar ci gaba ya yi nauyi in ba ka biya ba. Mai sharhi ya yi wasan ba tare da ya kashe ko pesewa ba har ya kai wurin da aka fara matsa masa, sannan ya gaya wa mutane inda wurin yake.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne akwatunan sa'a, inda kake biyan kuɗi ba ka san jarumin da zai fito maka ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasarta. Mu da addininmu ya yi magana a kan caca, kuma wayar uwa mai MoMo takan kwana a hannun yaro, ba daidai ba ne sharhi ya wuce wannan a guje.

Yaya zan yi da abin da ya saɓa wa addini ko tarbiyyarmu?

Ka faɗe shi dalla-dalla, da sunansa da wurinsa, ba tare da ƙari ko ragi ba. A cikin waɗannan labarai akwai waɗanda ake kira alloli, kamar Thor da aka ɗauko daga tsoffin tatsuniyoyin arewacin Turai, akwai tsafi da matattu masu dawowa, akwai suturar mata da ba ta rufe jiki, akwai soyayya iri-iri. Uba yana da haƙƙin ya san wannan kafin ya kunna wa 'ya'yansa. Amma fatawa aikin malamai ce, kuma ka raba hukuncin gwaninta da hukuncin dacewa: shiri yana iya zama gwanin zane da rubutu amma bai dace da gidanka ba, wani kuma ya zama babu abin ƙi a cikinsa amma aikin rago ne.

Kasancewar Musulmi a cikin aiki ma ba ta ɗauke maka dubawa. Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ta sami komik nata a 2014, ita ce ginshiƙin labarin wasan Marvel's Avengers na 2020, kuma an yaba yadda aka rubuta ta, amma maimaicin ayyukan wasan ya gajiyar da mutane, har aka daina sayar da shi a Satumbar 2023. Komik ɗin The 99 na Naif Al-Mutawa ɗan Kuwait, wanda ya fara a 2006, da niyyar nuna kyawawan halaye aka yi shi, duk da haka ya sha suka mai tsanani daga manyan malamai a Saudiyya a 2014 saboda alaƙanta jarumansa da sunayen Allah.

Akwai jarumai na Afirka, ko na Ghana, da za a yi sharhinsu?

Akwai, kuma suna ƙaruwa. A Accra akwai Leti Arts, wanda Eyram Tawia, tsohon ɗalibin KNUST ta nan Kumasi, ya kafa tare da Wesley Kirinya ɗan Kenya a 2009. Sun yi wasan Africa's Legends, inda suka mayar da Ananse jarumin zamani, sun kuma fitar da komik ɗin Karmzah ta Farida Bedwei, jaruma mai lalurar da ta shafi motsin jiki wadda ƙarfinta yake cikin sandunan da take dogarawa. A talabijin akwai Supa Team 4 ta Malenga Mulendema, labarin 'yan mata huɗu a Lusaka, wanda ya fito a Netflix a 2023, da Iyanu na 2025 daga littafin Roye Okupe, wanda aka gina a kan al'adun Yarabawa. Tun kafin su, shirin Static Shock ya kawo jaruminsa Ghana a wani kashi na 2003, inda ya haɗu da wani jarumi mai suna Anansi.

Ana yawan tambaya ko ya kamata a sassauta wa namu. Ra'ayinmu shi ne a yi musu adalci wajen abin da kuɗi ke saya, domin ba za a nemi ƙaramin ɗakin aiki ya yi hoton da Sony ke zuba miliyoyin daloli a kansa ba. Amma labari mai ma'ana, da maɓallin da yake amsawa a kan lokaci, da jarumin da yake da hali nasa ba kwafin na Amurka da aka sa wa kente ba, waɗannan ba kuɗi ke kawo su ba, kuma yin shiru a kansu raina masu aikin ne. A nan ma muna da abin da mai sharhin waje ba shi da shi, domin mu ne za mu gane ko kasuwar da aka zana ta yi kama da kasuwa, ko kuma yaron yana yi wa kakarsa magana yadda ake yi.

Tsofaffin shirye-shiryen da muka taso da su, da ma'aunin yau za a auna su?

A sake kallonsu tukuna, domin abin da mutum yake tunawa daga yarinta rabinsa daɗin lokacin ne. Sannan a san ƙa'idojin da aka yi su a ƙarƙashinsu: Spider-Man na 1994 an yi shi ne a lokacin da tashar take tsaurara dokokin shirin yara, shi ya sa bindigogin ciki na haske ne ba na harsashi ba, kuma da wuya ka ga jarumin ya kai naushi. Wannan ba gazawar marubuta ba ce. Idan kuma aka farfaɗo da tsohon shiri, kamar yadda X-Men '97 ya ci gaba a 2024 daga inda na farko ya tsaya a 1997, ka gaya wa mutane ko wanda bai ga na da ba zai fahimta.

Har ina zan iya faɗin labari ba tare da na ɓata wa mutane ba?

Mafarin labari da matsalar da jarumi ya shiga halal ne a faɗa. Mutuwar wani babba, da bayyanar wanda yake bayan makirci, da ƙarshen zango, waɗannan a bar su. Idan hukuncinka ya rataya a kan ƙarshen, ka raba sharhin biyu, ka yi gargaɗi a fili kafin kashi na biyu. Gargaɗin iyaye ba ya buƙatar tona komai, kamar yadda aka yi bayanin Invincible a sama ba tare da an faɗi wanda ya kashe wani ba.

Ya kamata in ba da maki, kamar bakwai cikin goma?

Kana iya bayarwa, amma maki ba ya gaya wa mutum ko ya saya. Ya fi amfani ka rufe da hukunci irin wanda ake aiki da shi: a saya yanzu, a jira ya yi araha ko a sami na hannu, a ara a gwada, ko a bar shi. Idan ka zaɓi maki, ka tsaya a kan ma'auni ɗaya, kada duk abin da ka taɓa ya zama takwas ko tara.

Zan iya sa guntayen shirin a bidiyona, kuma me zan yi idan aka ba ni wasa kyauta?

Shirye-shiryen nan da wasannin suna da masu su, kuma a Ghana dokar haƙƙin mallaka ta 2005, wato Act 690, ita ce take aiki. Ɗora kashi sukutum da sunan sharhi ba sharhi ba ne. YouTube yana da tsarin Content ID da yake gane hoto da sautin da wani ya yi wa rajista, kuma yana iya toshe bidiyonka ko ya karkatar da kuɗin tallarsa zuwa ga mai haƙƙin. Abin da ya fi aminci shi ne guntaye gajeru waɗanda kake magana a kansu kai tsaye, ko hotuna tsayayyu, tare da kauce wa kiɗan shirin. A wasanni an fi samun sauƙi, domin hoton wasan da kai ka buga ne, kuma PlayStation 4 da 5 suna da maɓallin ɗauka a jikin hannun gem, sai dai wasu wasannin suna toshe ɗaukar wasu wurare na labari.

Idan mai shago a Adum ko wani kamfani ya ba ka faifai, ko ya biya maka data, ko ya ba ka aron na'ura, ka faɗa a farkon sharhin, ka kuma gaya wa mai bayarwar tun kafin ka karɓa cewa abin da ka gani shi za ka faɗa. Idan ya sa sharaɗin sai ka yaba, to abin da yake nema talla ce, kuma in ka yarda ka yi, sai ka rubuta mata suna talla a inda kowa zai gani.